Kafintan da Ya Kife Falon Matarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

An yi wani kafinta a wata unguwa, gajere, mai tumbi, mai sanƙo, wanda ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya ce ya fi ƙarfinsa ba. In mota ta mutu, ya iya. In haƙori ya yi ciwo, ya iya. Har sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Na'iya yake kiransa, ko da yake shi ya fi son a ce masa Injiniya.

Haya suke yi shi da matarsa, ma'aikaciyar jinya, wadda 'yan unguwa ke ce wa Nas. Ɗaki ne da falo, da famfo a tsakar gida, ga shi kusa da asibitin da take aiki, kuma ta sha yawo kafin ta same shi. Mai gidan wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, yana zaune a sashen gaba. Tun shigowarsu Na'iya ya yi ta yi wa gidan gyaran da ba wanda ya sa shi. Ya kafa kanta a bango, ƙusa ta huda bututun ruwa. Ya gyara ƙyauren Baba, ƙyaure ya koma ba ya buɗuwa ko ta ciki ko ta waje, tsoho ya wuni a kulle. Da aka zaro shi ta taga, ya nuna Na'iya da sanda a gaban kowa ya ce:

"Ɗana, ƙusa ɗaya. Ka ƙara buga ƙusa ɗaya a gidan nan, ku kwashe kayanku."

Nas ta ja mijinta ciki ta ce, "Malam, wannan ne gida na farko da ban ɗauko ruwa a ka ba. In ka ja aka kore mu, ni da kai ne."

"Haba," in ji Na'iya, "ni yaro ne?"

Ta harare shi, ta koma bakin aikinta.

Wata ranar hutu da rana, Na'iya da abokansa biyu, Mai Aski da Tela, suka je sinima kallon wani sabon fim da gari ya ɗauka. Labarin dai ba wanda ya gane shi a cikinsu. Wai wani birni ne can bayan taurari, inda ƙasa ba ta riƙe mutum sai ya ga dama, wasu sojojin ƙarfe masu ido ɗaya suna farautar wata matuƙiyar jirgi saboda wani abu da ta ɗauko, ko ta ɓoye, ko ta haɗiye. Amma fa ido ya sha kallo. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa ya nufi gajimare. Motoci suna gudu a gefen gine-gine kamar tururuwa. Sai wurin da ya kashe kowa: aka rutsa matar a wani falo, ta taka bango, ta haye silin, ta tsaya cak a jikinsa, kujeru da tebur suna ƙasa da ita, ta yi ta dambe da sojojin tana yawo a sama kamar ƙadangare. Zauren ya yi tsit. Mai Aski ya riƙe hannun kujerarsa gam don kada ya faɗa sama. Tela ya manta da kwalbar lemo a bakinsa har ta jiƙa masa gaban riga.

Washegari a shagon aski ba wata hira sai ita.

"Kwamfuta ce," in ji Tela.

"Kwamfuta!" Na'iya ya buga cinya. "Kai duk abin da ya fi ƙarfin kanka sai ka ce kwamfuta. Wannan aikin kafinta ne, tun ina zaune na gano su. Matar nan a ƙasa take tafiya kamar ni da kai. Kujerun ne aka kafe a jikin silin, aka kife na'urar ɗaukar hoto. Shi ke nan, na ƙasa ya koma na sama."

Mai Aski ya kashe injin aski, ya bar kan wani rabi a aske. "Wallahi kamar da hankali a maganar nan."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan," in ji Tela. "Duk ranar da maganarsa ta yi kama da ta hankali, wani abu zai karye. To, Injiniya, tunda da sauƙi, yi mu gani."

"Na iya."

"A wane falon?"

"Nawa mana."

"Naka ko na Nas? Baba fa?"

"Jibi Nas tana aikin wuni, Baba kuma zai je ganin jikokinsa. Kafin su dawo an kafe, an ɗauka, an sauke, na toshe ramuka da garin katako da gam. Ko ƙuda ba zai sani ba."

Ranar na zuwa, Nas na fita, Baba na fita, abokai suka shigo da tsani.

Da kafet aka fara, tunda shi ne ƙasan ɗaki. Na'iya ya shafe bayansa da gam, ya hau tsani, abokai suka tokare shi a jikin silin da sandunan goge-goge.

"Ku saki, ya kama."

Suka saki. Kafet ya ɗan yi tunani, ya ɓare daga gefe guda, ya naɗo, ya lulluɓe Mai Aski ta wajen gam ɗin. Ga shi kuwa da sumarsa yake tallar shagonsa. Sai da Tela ya ɗauko almakashi.

"Tsaya cak, ni yadi na saba yankawa."

"Kunnena ne wannan!"

"To ka gani, da ka yi shiru da yanzu babu."

Aka fito da Mai Aski kansa faci-faci kamar gonar da awaki suka shiga. Na'iya ya ce gam ɗin jabu ne, ya zaro guduma da leda cike da ƙusoshi don ya kafe kafet ɗin.

"Injiniya," in ji Mai Aski, "ƙusa ɗaya fa Baba ya ce."

"To ai ba ɗaya zan buga ba."

Gida ya ɗauki ƙwam-ƙwam. Maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Injiniya, lafiya?"

"Ɓera nake kora!"

"Da guduma?"

"Babba ne!"

Sai doguwar kujera. Suka kife ta, abokai suka ɗora ta a ka, Na'iya ya huda silin, ya ɗaure ƙafafunta da igiya a jikin katakon rufi, ya bi da ƙusa. Tela yana ƙasa hularsa ta nutse har hanci, yana tambaya ko an kusa, ana ce masa saura kaɗan, har ya daina tambaya ya koma addu'a. Kujera ta tsaya. Matasanta suka zubo. Aka mayar, suka sake zubowa. Na'iya ya bi su da ƙusa ta tsakiya.

"Ni na ɗinka wa Nas rigunan matasan nan," in ji Tela, "ka huda su ina kallo."

"Ka samu aiki ke nan, ka gode mini."

Ƙananan kujeru suka hau. Tebur ya hau, aka manna masa kofuna da filas ɗin shayi, shayin na ciki, don Na'iya ya ce darakta na gaskiya ba ya wasa da filas wofi. Aka kife agogon bango, aka kife hoton ranar aurensu, aka ja labule daga ƙasa aka kafe shi a sama. Ita kuwa fanka, tunda a silin take zama, dole ta sauko. Ya kwance ta, ya dasa ta a tsakiyar ɗaki a kan guntun katako, ya ja mata igiyar wuta. Zafi ya ishi Tela, hannunsa ya kai kan makunni kamar yadda ya saba. Fanka ta juya, ta sami Na'iya a ƙwauri. Ya zagaye ɗakin da ƙafa ɗaya, bakinsa a buɗe, murya ta ƙi fita.

"Gwaji ne," ya ce da ya samu numfashi. "Ta yi."

Aka shirya ɗauka. Na'iya ya sa rigar ruwan Nas da baƙin tabarau na mai walda. Tela ya zama sojan ƙarfe: bokiti a ka, murfin tukunya a ƙirji. Mai Aski ya tsaya a bakin ƙofa, ya kife wayarsa, ya danna. Na'iya ya yi tsalle, ya kai naushi, ya kai shuri, bokiti ya yi ƙara, Tela ya zage shi daga ciki. Aka tsaya, aka haɗa kai a kan waya.

Wani gajeren mutum mai tumbi suka gani yana tsalle-tsalle a ƙasa, yana dukan mai bokiti, kujeru na rataye a samansu kamar shanya.

"Ka kife wayar kuwa?"

"Na kife. Ita ce ta juyo da hoton da kanta."

"Sake."

Aka sake. Haka. Aka gwada ta Tela, ita ma haka. Duk yadda aka juya su, sai su miƙe da hoto, ƙasa a ƙasa, sama a sama.

"Wayoyin zamani ba su da biyayya," in ji Na'iya. Ya shafa sanƙo, ya yi nazari. "Ta gane an kife ta ne saboda mai riƙe da ita a tsaye yake. A kife shi, sai ta zaci haka duniya take."

Mai Aski ya ce kansa ya sha wahala isasshiya yau. Ba a saurare shi ba. Tela ya cire bokiti, ya kama shi ta idon sawu, ya jingina shi da ƙofa, kai ƙasa. Na'iya ya shiga wasa shi kaɗai.

"Ta kifu?"

"Wayar ba ta kifu ba... Kai! Ku tsaya! Kada ku sauke ni!" Idanun Mai Aski suka fito. Ya daina duba waya, falon yake kallo da idonsa. "Injiniya, wallahi a silin kake! Ga kujeru can ƙasa, ga tebur, ga ka nan a sama kusa da fanka!"

Tela ya saki ƙafafun ba sanarwa. Ya juya wa falon baya, ya yi goho, ya leƙa ta tsakanin ƙafafunsa.

"Ɗan banza," ya ce a hankali. "Ya hau."

Mai Aski ya tashi yana murza wuya ya ce to madalla, an gani, an yarda, a sauke kaya tun da sauran rana.

"A sauke?" in ji Na'iya. "Unguwa ba ta gani ba?"

Ya buɗe ƙofa da taga, ya fita titi da rigar ruwa da tabarau yana shela: fim kyauta, ba tikiti, sharaɗi ɗaya ne, mai kallo ya juya baya ya duƙa. Mai shago ya zo. Mai facin taya ya zo. Direbobin bakin titi suka bar motocinsu. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika da maza a jere, kowa ya yi goho, huluna na zubewa. Mata suka tsaya gefe suna toshe baki da mayafi, su nasu kallon ya ishe su. Na'iya ya yi gudu a silin, ya yi rawa a silin, ya kayar da sojan ƙarfe a silin. Ana ta ihu: "Sai Injiniya!" Duk tsawon rayuwarsa yake jiran wannan kira, yau ga shi yana fitowa daga tsakanin ƙafafun mutane.

Ana cikin haka Baba ya dawo, don bai tarar da jikokin a gida ba. Ya tura ƙofar gidansa, abin da ya tarbe shi ba fuskoki ba ne.

"Me kuka yar?"

"Sannu da zuwa, Baba," in ji mai facin taya daga ƙasa. "Kai ma a sama kake."

Baba ya ratsa su da sanda har bakin falo. Ya ɗaga kai. Ya dubi kujeru, ya dubi tebur, ya dubi kawunan ƙusoshi suna ƙyalli layi-layi. Tela ya lallaɓa ya koma cikin bokitinsa.

"Ɗana, wancan mene ne?"

"Fasaha ce, Baba."

"Da me ka kafe fasahar?"

"Da... ɗan ƙarfe."

"Mai kai da tsini?"

"Yana da wannan siffar." Na'iya ya matso kusa. "Baba, kafin ka yanke hukunci, ka duba ta inda ake dubawa."

Baba tsoho ne mai faɗa, amma ba ya son a ga abu a gidansa shi bai gani ba. Ya miƙa wa Mai Aski sanda, ya juya, ya dafa gwiwa, ya duƙa a hankali yana nishi. Can sai aka ji, "Ikon Allah." Sai dariya, irin wadda ba a taɓa jin ya yi ba. "Kai, yi tafiya in gani! Yi gudu! Ba ka jin jiri?" Da ya ƙoshi ya yunƙura zai miƙe, baya ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, baya ya riƙe.

"Ku bar ni haka tukuna," ya ce. "Ƙarasa wasan."

Daidai nan Nas ta shigo da jakarta a kafaɗa. Masu goho suka buɗa mata hanya ba tare da sun miƙe ba. Ta tsaya a gefen Baba, ta dubi falonta daga sama har ƙasa.

"Malam," ta ce. Iyakarta ke nan.

"'Yata, duƙa ki gani," in ji Baba. "Mijinki ya hau sama."

"Ina ganinsa sarai, Baba. Kujeruna ne suka hau sama. Shi yana nan inda na bar shi."

Na'iya ya dubi fuskarta, ya dubi bayan Baba, ya yi lissafi: in tsohon nan ya ƙara jin daɗi kaɗan, gida ya tsira. Ya ɗaga hannu.

"Jama'a, na ƙarshe! Yanzu zan diro daga silin in zauna a kujera!"

"Malam, kada ka..."

Ya taka akwatin kayan aikinsa, ya daka tsalle, ya cafki hannun doguwar kujera, ya saƙale ƙafafunsa a jikinta. Tsakar gida ta ɗauki sowa. Silin ya ce ƙiiiƙ. Murfin filas ya buɗe, shayi ya sauko a kan sanƙo. Silin ya sake cewa ƙiiiƙ, wannan karon da dogon bayani. Sai doguwar kujera ta taho, Na'iya na manne da ita, ƙananan suka biyo ta, tebur ya biyo su, kafet ya rufa musu baya da rabin silin a jikinsa. Wani matashin kujera ya faɗa kan fanka, ta yayyaga shi, auduga ta cika ɗaki har tsakar gida.

Su kuwa masu goho, abin da suka gani shi ne kayan falo kakaf sun tashi sama lokaci guda, auduga na binsu. Suka ɓarke da tafi.

"A sake!" in ji mai facin taya.

Agogon bango ya gangaro ya wuce ta tsakanin ƙafafun Baba. Tsoho ya zabura, bayansa ya ce ƙas, ya miƙe tsaye sambal, tsayuwar da ya daɗe bai yi irinta ba.

Ƙura ta lafa. Daga ƙarƙashin kafet wata murya ta fito: "Kun ga yadda suka tashi? Ko a fim ɗin ba su yi haka ba."

Nas ta ajiye jaka, ta ɗage kafet, ta duba shi kamar yadda take duba marasa lafiya. Ta danna haƙarƙari. "Nan da ciwo?"

"Babu."

"Nan fa?"

"Babu."

"To, za a samu."

Ta miƙe, ta dubi rufin kwano tsirara inda silin yake a da, ta dubi famfon tsakar gida yana ɗiga. Muryarta ta yi ƙasa. "Baba, yaushe kake so mu kwashe?"

Mutane suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, fuskoki jajur, suna tsintar huluna. Baba ya karɓi sandarsa, ya ga ba ya bukatarta, ya riƙe ta dai don mutunci.

"Ke ba inda za ki, 'yata. Na yi magana a gaban mutane, gaskiya ne. Amma bayana ya miƙe, kuma na ga abin da ban taɓa gani ba. Ga sharaɗi. Gobe a kira kafintan tsallaken titi ya gyara silin ɗin nan. Kai kuma ka riƙe masa tsani, ka miƙa masa abin da ya nema, kuma ba ka cewa uffan har ya gama."

Na'iya ya fito da rarrafe, auduga manne da shayin sanƙonsa. Shi da kafintan tsallaken titi sun yi shekaru ba sa gaisawa.

"Wancan? Wanda bai san gaban zarto da bayansa ba? Baba, gara ka kore mu!"

Nas ta ɗora ƙafarta a kan tasa, ta danna. "Ya yarda."

"Ban..."

"Ya yarda, Baba. Godiya yake yi."

Washegari kafintan tsallaken titi ya zo da sabuwar riga, ya hau tsani a hankali kamar mai hawa gadon sarauta. Unguwa ta sake cika tsakar gida. Na'iya na ƙasa riƙe da tsani, kumatu a kumbure.

"Riƙe da kyau, ɗan'uwa," in ji na sama. "Wa ya yi wannan ɗaurin? Allah ya shirye shi. Miƙo zarto. Ba ta nan ake miƙawa ba, juya shi."

Na'iya ya buɗe baki. "Da ni ne..."

Nas ta yi gyaran murya daga kicin. Baba ya ƙwanƙwasa sanda a ƙasa. Na'iya ya rufe baki, ya juya zarto, ya miƙa.

Tela ya gyara zama a kan benci, ya taɓo Mai Aski, wanda ya aske kansa ƙwal.

"Wannan kallon ya fi na jiya," ya ce. "Ga shi ba sai an duƙa ba."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. In an tsinci ƙarya a ciki, a tambayi gizo, shi ya kawo ta.